Zaren Awon Ƙafar Kumatu

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo wai na kashe yarinya tun shafin farko don mugunta, ni ban kashe kowa ba, zazzaɓi ne. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi ya tsallake na yau, kar ya zo yana zagina a ƙasa.

Mai Walda na durƙushe a bakin shagonsa yana haɗa ƙarfen taga, tartsatsi na tashi, sai ya ga inuwar mutum ta tare masa haske. Ya ɗage tabarau. Direba ne, maƙwabcinsa, wanda ɗakinsa ke kallon nasu a gidan hayar da suke zaune.

"Kai matsa mini. Tumbin nan naka ya fi motarka tare hanya."

Direba bai yi dariya ba. Abin da ya fara ba Mai Walda tsoro ke nan, don Direba mutum ne da ko a wurin ta'aziyya sai an zungure shi yake rufe haƙora.

"Kashe injin nan, magana za mu yi."

"Salansar ce ta sake faɗuwa? Na gaya maka motar nan addu'a take so, ba walda ba."

"Ka kashe na ce."

Ya kashe. Wurin ya yi tsit, sai ƙaurin ƙarfe.

"Maganar iyalinka ce."

Mai Walda ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Tun da zazzaɓi ya ɗauke musu 'yarsu tilo, Tattabara, duk wanda ya ce masa "maganar iyalinka ce" sai ya ɗauka mugun labari ne. Ya ga matar nan tasa ta kwanta ta juya fuska bango wata da watanni, ba ci, ba wanka, ba magana. An yi magani, an yi addu'a, an yi rarrashi, shi har faɗa ya yi. Abin da ya tashe ta wani ɗan siririn ƙarfe ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, kwarashi, da dunƙulen zaren ulu. Wata nas ce a asibiti ta danƙa mata, ta ce ta riƙa motsa hannu ko baki bai motsa ba. Ranar shi tsaki ya yi. Ga shi yau matar tana girki, tana shara, tana saƙa wa mutane huluna, har tsiya take yi masa a kan warin rigarsa.

"Me ya same ta?"

"Ita lafiyarta lau. Auna mini 'ya take yi."

"Tana me?"

"Awo. Da zare. Ƙafar Kumatu take aunawa." Direba ya share gumi da hularsa. "Da farko na ce to, safa za a saƙa wa yarinya, Allah ya yi albarka. Muka zuba ido, shiru. Aka sake awo, shiru. Abu ya shiga shekara ta biyu, ko igiyar takalmi ba mu gani ba. Jiya uwarta ta leƙo ta taga, ta ga matarka ta ɗora ƙafar yarinyar a cinya, ta ja zare daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta ƙulla, ta datse da haƙori, ta cusa a riga tana waige-waige."

"To sai me?"

"Sai me? Kai in ka ga an auna 'yarka an ɓoye zaren, me za ka ce?"

"Ba ni da 'ya, Direba."

Direba ya sunkuyar da kai.

"Ba haka nake nufi ba, mutumina. Bakina ne."

"Ci gaba."

"Matata ta ce kai shi ake yi wani wuri. Ka gane. Ga shi satin nan yarinyar tari take yi."

Mai Walda ya miƙe tsaye, guduma a hannu. Bai ma san yana riƙe da ita ba sai da ya ga Direba ya ja baya.

"Tari? Yaran gidan nan duka tari suke yi, har da mai gidan hayar, shi ma auna shi aka yi? Matar da ko kyankyaso sai ta kira ni na kashe mata? Sati ɗaya aka haife su, Direba, taka da tawa. Lokacin da matarka ta kwanta asibiti, a bayan wa Kumatu ta yi barci?"

"Na sani."

"Ka sani, ka zo mini da wannan shara."

"Ni dai saƙo na kawo, kuma don kai ne na rigo. Ka tambaye ta. In ba ka tambaye ta ba matata za ta tambaye ta, kuma ka san bakin matata ba shi da birki."

Ya juya ya tafi. Mai Walda ya sake kunna inji, ya kama ƙarfe. Ya huda aikin mutane a wuri biyu. Ya yi tsaki, ya kashe, ya ja ƙofar shago ya nufi gida da rana tsaka, abin da bai saba ba.

Yana shiga tsakar gida ya jiyo muryarta daga wajen famfo, tana wanke-wanke tana ɗan rera wani abu a hanci. Ya tsaya. Akwai lokacin da zai iya sayar da injinsa don ya ji wannan muryar. Ya so ya juya ya koma shago ya bar maganar ta mutu. Amma shi mutum ne da in ƙusa ta shige masa takalmi ba ya iya tafiya da ita.

Ya shige ɗaki a hankali.

Jakar saƙarta na kan kujera. Ya zazzage. Huluna biyu na 'ya'yan mai shagon kusurwa, wani abin shimfiɗa a tebur da ba a gama ba, almakashi. Ba safa, ba zaren awo.

Ya duba durowa. Ya duba bayan labule.

Sai idonsa ya sauka ƙarƙashin gado, kan ƙaramin akwatin kayan Tattabara. Tun ranar da aka rufe shi bai ƙara taɓa shi ba. In zai ɗauko takalminsa ma kauda kai yake yi. Ya durƙusa ya jawo shi. Ba ƙura a kansa ko kaɗan.

Ya buɗe.

Safa ne. Jajaye duka, launin da yarinyar ke miƙa wa hannu tun kafin ta iya magana. An jera su bibbiyu, daga ƙarama kamar ɗan yatsansa, ta gaba ta fi ta kaɗan, ta gaba ta fi ta kaɗan, har zuwa ƙarshen akwatin. Kowace an ɗaure ta da guntun farin zare mai ƙulli a baki. Ba wadda aka taɓa sawa.

"Yau kuma korar Mai Walda aka yi daga shagonsa, ko wuta aka ɗauke?"

Matarsa ce a bakin ƙofa, hannu da kumfa, tana murmushi. Murmushin bai kai ƙarshe ba ta ga akwatin.

"Rufe mini."

"Na wane ne?"

"Rufe mini akwati, Maigida."

"Na ce na wane ne?"

"Ka san na wace ce."

Ya ɗago mafi girman, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Wannan? Ƙafarta ko rabin wannan ba ta kai ba."

"Da ke nan. Yanzu ta kai."



"Ke! Ni na ɗauke ta da hannuna. Ni na kai ta. Ni na..."

"Na sani." Ta shigo, ta goge hannu a zani, ta zauna bakin gado. "Daina kallona haka, ba hauka nake ba. Ta mutu. Ka ji na faɗa da bakina? Tattabara ta mutu. Na san inda aka sa ta."

"To mene ne wannan?"

Ta dubi akwatin.

"Ta farkon nan, da takalminta na gwada. Na gama, na ajiye, na ce to, shi ke nan. Kwana biyu sai abin nan ya dawo. Ka san shi, ai ka gan ni a ciki. Ya zauna mini a ƙirji, na ji bango na kirana. Ina kwance sai na jiyo Kumatu tana gudu a tsakar gida, an saya mata sabon takalmi don wancan ya matse ta. Na ce ashe yanzu haka ƙafarta za ta kai. Sai na tashi."

"Ki tashi ki yi me?"

"Na auna. Na fara wata." Ta shafa safar da yatsa. "Duk sanda abin ya taso sai na ce masa dakata, bari na gama safar nan tukuna. In ina ƙirga ɗaurin zare kaina shiru yake yi. Kafin na gama, ƙafa ta ƙara girma. Sai na sake ce masa dakata. Da haka nake yi masa wayo, Maigida. Da haka kake samun abincinka a dafe."

"Hulunan fa? Duk ba su ishe ki ba?"

"Na mutane ne. Hannu kawai suke ci."

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya jingina da durowa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai da ko sunanta ka daina faɗa? Da Maman Tattabara kake kirana. Tun ranar na koma 'ke'. Ke kawo ruwa, ke ina safata, kamar akuyar da aka tsinta."

"Don kar na tuna miki ne."

"Ka tuna mini? Ka ga alamar na manta?"

Shi kullum ƙarfe yake bugu, ƙara ta cika masa kunne daga safe har yamma, in ya dawo gajiya ta kwantar da shi. Bai taɓa tambayar kansa da me ita take cika nata kunnen a ɗakin nan ba.

Da ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Amma maganar Direba na ci masa rai, kuma shi bai iya zagaye ba.

"Direba ya same ni a shago. Matarsa ta gan ki jiya. Sun ce zaren... sun ce kai shi kike yi wani wuri."

Ta ɗago kai a hankali.

"Su suka ce. Kai me ka ce?"

"Na kusa fasa masa kai."

"Amma ka bar aiki ka zo kana zazzage mini jaka."

"Na zo na gani da idona ne."

"To ka gani." Ta nuna guntayen farin zaren da ke ɗaure da safar. "Ga su nan, ko ɗaya bai fita ɗakin nan ba. Ƙirga su in kana so. Ashe har kai sai ka duba."

Kafin ya haɗa kalma aka ɗaga labule da ƙarfi.

"Salamu alaikum, ba zama na zo yi ba."

Maman Kumatu ce, matar Direba, ɗankwali a karkace, ido ya yi ja kamar wadda ta kwana tana kuka. A bayanta matan gidan sun fara fitowa, wannan da tsintsiya, waccan da bokiti, kowa ya ƙirƙiro aikin da zai yi kusa da ƙofar.

"Maman Kumatu, ki bari mu gama magana," in ji Mai Walda.

"Ku gama bayan na tafi. Zaren 'yata na zo karɓa."

Sai idonta ya faɗa cikin akwatin. Ta dubi safar, ta dubi sauran kayan da ke ƙasansu, 'yar rigar da ta sani, ɗan takalmin da ta sani. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Kayan marigayiya ne wannan. Da awon 'yata kike saƙa wa wadda ke ƙasa safa?"

"Ba yadda kike zato ba ne," in ji Mai Walda.

"To yaya ne? Gwada mini! Kullum a haɗa ƙafar mai rai da ta wadda ta tafi a akwati ɗaya a rufe, ka ce mini ba komai? Yarinya tari take yi, ba ta cin abinci!"

Matar Mai Walda ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙawata, ni ce fa. Kumatu a bayana ta yi..."

"Kar ki ƙawata ni. Da kin ɗauke ni ƙawa da kin tambaye ni. Me ya kawo waige-waige?"

"Da na tambaye ki, za ki yarda?"

Muryar Maman Kumatu ta karye.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni dai ita kaɗai gare ni. Na ga yadda taki ta tafi, da safe tana wasa, kafin wata safiyar babu. Tun ranar in yarinyar nan ta yi atishawa hanjina kaɗawa yake. Ni uwa ce, ki gane mini."

"Na gane. Ni ma na taɓa yi."

A waje wata tsohuwa ta ja tsintsiyarta ta koma ɗaki.

Matar Mai Walda ta jawo akwatin gabanta. Ta fara kwance zaren ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba, tana miƙar da kowane a kan cinyarta kamar mai guga. Ba ta yi sauri ba. Da ta gama, ta sa hannu a riga ta ciro na jiya, ta ɗora a kai, ta miƙa da hannu biyu.

"Ga su. Duka ke nan."

Maman Kumatu ta karɓa, ta dunƙule a hannu. Ta so ta tafi, tsoro bai bar ta ba.

"Gobe fa? In na shiga wanka, in na tafi kasuwa? Yarinyar ta saba da ɗakin nan kamar nata. Ni in ba a ba ni tabbaci ba, yau zan kwashe kayana, mijina ya nemo mana wani gidan."

Mai Walda ya dubi ƙofa, ya ga idanu. Ya dubi matarsa, ya ga kanta a ƙasa. Abin da yake so kawai a watse, a daina kallon matarsa kamar abin da aka baje a kasuwa. Sai ya yi abin da ya iya, ya datse maganar da bugu ɗaya.

"Ni na ba ki tabbaci. Na rantse da Wanda ya halicce ni, hannunta ba zai ƙara taɓa ƙafar 'yarki ba. In ya taɓa, ki tara mini jama'ar gidan nan ki tofa mini yawu. Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta saki labule ta fita. Aka watse.

Sai da ɗakin ya yi shiru ya ji nauyin abin da ya faɗa. Ya yi rantsuwa da hannun da ba nasa ba, bai ko dubi mai hannun ba.

"Dole ce ta sa," ya ce. "Kin ga dai yadda ta tara mana mutane."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wata safa da bai gani ba, wadda take kan yi, ta kai dunduniya, kwarashi na soke a jiki. Ta zare kwarashin ta ajiye a kan durowa. Ta kama bakin zaren ta ja.

Safar ta fara warwarewa, layi bayan layi, zaren na zubowa a cinyarta a murɗe.

"Me kike yi? Bari mana!"

Ta ci gaba da ja.

"Ki bari na ce! Aikin kwana nawa ne wannan?"

"Ba awo, ba safa."

"Awo? Awo ne matsalar? Ni fa da awo nake cin abinci." Ya lalubo tef ɗin awo a aljihun wandonsa ya warware shi a gabanta. "Ga safar ƙarshen nan, mu auna ta. Duk wata mu ƙara ɗan kaɗan. Ni zan riƙa lissafa miki, ba zan kuskure ba."

"Yaro ba ƙarfen taga ba ne, Maigida. Wani lokaci ta yi wata uku ba ta ƙara komai ba, har na fara damuwa ko ba ta ci. Wani lokaci kafin ka kifta ta yi tsalle. Ba kai ke gaya mata ba, ita ke gaya maka."

"To na shiga kasuwa na sayo takalman yara, kowane girma. Na cika miki ɗakin nan da su."

"Takalmi ba ya jin cakulkuli."

Ya tsaya da tef a hannu.

"In na ja zaren a tafin ƙafarta dariya take yi, tana noƙe yatsu," ta ce, idonta a kan zaren. "Ƙafar da ɗumi. Da ƙasa a tsakanin yatsun. Ɗan lokacin nan kawai nake ara, in mayar musu da abarsu. Ban taɓa rage mata komai ba."

Safar ta ƙare. Abin da ya rage tulin zare ne ja a cinyarta. Ta tattara shi ta zuba a akwati ta rufe. Sai ta cire ɗankwali, ta hau gado, ta ja ƙafafu.

Ya san wannan kwanciyar. Ya san yadda kafaɗa ke fara juyawa kafin fuska ta bi.

"A'a. A'a, kar ki yi mini haka." Ya rarrafo bakin gadon. "Ki zage ni. Ki fasa mini kwano a ka. Ki tashi ki ce mini rigata na wari. Kar ki juya bangon nan, don girman Allah." Ya tura kalmar da ƙarfi. "Maman Tattabara."

Kafaɗar ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma ba ta ƙarasa juyawa ba.

"Maman Tattabara, ki dube ni."

Labule ya motsa daga ƙasa.

"Anti?"

Kumatu ce. Ta zillo, ta shigo da ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, kumatun nan da suka ja mata suna duk maiƙo. Ta wuce Mai Walda kamar ba ta gan shi ba, ta dafa gado, ta ɗaga ƙafar da ba takalmi ta ɗora a kan katifa.

"Anti, yi mini zare."

Matarsa ta tashi zaune. Bai taɓa ganin fuska ta buɗe haka ba, kamar an yaye labulen ɗaki mai duhu. Hannunta ya taso da kansa, ya nufi 'yar ƙafar.

Daga tsakar gida muryar uwar ta tashi.

"Kumatu! Ina yarinyar nan ta shiga? Kumatu!"

Takun silifa ya nufo ƙofarsu.

Mai Walda ya dubi hannun matarsa, saura kaɗan ya isa. Ya tuna rantsuwar da ya yi a gaban mutane, ko guminta bai bushe ba. Ya tuna idanun da za su sake taruwa, da sunan da za a liƙa wa matarsa a gidan nan har ta mutu.

Ya sunkuci yarinyar.

Hannun matarsa ya kama iska.

"Anti! Ban yi zare ba! Sauke ni!"

Ya fita da ita tana harba ƙafa, ya yi karo da uwar a tsakar gida, ya danƙa mata.

"Ga ta. Ba a taɓa ta ba."

Maman Kumatu ta rungume 'yarta, ta dube shi, ta kauda kai. Yarinyar na ta ihu tana miƙa hannu ta bayan kafaɗar uwar.

Yana juyowa ya ji ƙarar ƙyaure. Sai ƙarar sakata, ta sama, sannan ta ƙasa.

Ya taka da gudu ya murɗa hannun ƙofar.

"Buɗe. Ni ne."

Shiru.

"Maman Tattabara, buɗe mini. Kuskure na yi. Buɗe mu yi magana."

Ya kanga kunne. Ko kuka babu. Da kuka ne da ya ji sanyi.

Ya ja baya ya doki ƙyauren da kafaɗa, ya sake doka, matan gidan suka sake fitowa, wani ya ruga kiran Direba. Ƙyauren ko gezau. Shi ya yi shi da hannunsa shekarar da suka tare, ya sa masa ƙarfe mai kauri da sakata biyu don kar wani abu ya shigo ya taɓa masa iyali, kuma ya fi kowa sanin babu kafaɗar da za ta ɓalle shi.

"Ki yi mini magana ko tari ne!"

Daga ciki, ya ji an ja labulen taga an rufe.